Taƙaitawa: ma'aunin ƙarfin hash a haƙar kirifto

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda ake auna ƙarfin na'urorin haƙar kirifto (kuɗin intanet) da irin wadda ta fi dacewa a saya.

1. Kowa ya yarda H/s (hash a daƙiƙa) na nufin yawan cankar amsar lissafi da na'urar haƙa ke yi a daƙiƙa ɗaya; kowace canka ita ce hash ɗaya. Kowane mataki ninki 1,000 ne na wanda ya gabace shi: kH/s, MH/s, GH/s, TH/s, PH/s, sai EH/s. Wato TH/s 1 canka tiriliyan ɗaya ce a daƙiƙa.

2. Inda mutane suka fi ruɗewa: ba a gwada lambar wani tsabar kirifto da ta wani. Na'urar haƙa Antminer S19 Pro tana ba da TH/s 110 a kan SHA-256, wato tsarin lissafin Bitcoin, kwamfutar da ke haƙar tsabar Monero kuwa kH/s ake ƙirga mata. Lissafin ne daban, ba rauni ba.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce a sayi na'ura mai lamba babba kawai. Wasu suka ce J/TH, wato yawan wutar da na'ura ke sha kan kowace canka tiriliyan ɗaya, shi ne abin dubawa, tunda S19 Pro tana shan wat 3,250 dare da rana. Ni dai ina tare da na biyun, musamman ga mai dogaro da janareta.

4. Masu tambayar MH/s na Ethereum: an daina haƙarsa tun Satumba 2022.