Jackie Robinson: gwaninta aka gani ko haƙuri?

Kawu: Bari in faɗi abin da ba ku son ji. Jackie Robinson ba shi ne gwanin baƙaƙen 'yan wasan besbol na zamaninsa ba. Haƙurinsa ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta saya, da ta ɗauke shi zuwa babbar gasar da aka daɗe ana hana baƙaƙen fata shiga.

Auta: Haba Kawu! Mutumin da tun 1997 aka daina ba kowa lambar rigarsa, 42, a babbar gasar Amurka?

Kawu: Wannan girmamawa ce, yaro, ba awon gwaninta ba. A 1945 da yake Kansas City Monarchs, a gasar baƙaƙen fata, Satchel Paige ake zuwa kallo. Ga kuma Josh Gibson na Homestead Grays, wanda bugunsa ya gagari kowa. Ko a jami'ar UCLA, cikin wasanni huɗu da Robinson ya yi, a besbol ya fi rauni.

Malama: Kawu, da gaskiyarka ta wani gefen. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, sai da ya karɓi alkawarinsa cewa ko an zage shi ba zai rama ba. Amma kada ka ɗauka salihin bawa ne da ba ya tsallake kara. A 1944, yana soja a Texas, ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, har aka gurfanar da shi gaban kotun soja, ta wanke shi. Mai zuciya irin wannan ne ya danne fushi, 'yan kallo na zagi, masu jifa na auna jikinsa da ƙwallo.

Ɗan Zango: Ni gyara kawai na kawo. A daina cewa shi ne baƙar fata na farko a babbar gasar. Moses Fleetwood Walker ya buga wa Toledo tun 1884, daga baya aka rufe wa baƙaƙen fata ƙofar.

Auta: Mun ji, Yaya. To Kawu, haƙuri ne ya buga masa ƙwallo a Montreal, ƙaramar ƙungiyar Dodgers, a 1946, inda ya fi kowa ingancin bugu a gasarsu? Ya shigo Dodgers ranar 15 ga Afrilu 1947 yana da shekara 28, ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa. A 1949 kuma aka zaɓe shi gwarzon National League, rukunin gasar da Dodgers ke ciki, baki ɗaya.

Kawu: Ban ce bai iya ba. Cewa na yi akwai waɗanda suka fi shi.

Malama: Paige a lokacin ya doshi arba'in. Gibson kuwa ba lafiya gare shi ba, ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin Robinson ya taka filin Ebbets, gidan Dodgers. Wa kake so Rickey ya ɗauka?

Kawu: Sai a lokacin suka tuna da su? Ina suke shekara goma kafin nan, Gibson na kan ganiyarsa?

Auta: Wannan kuma laifin masu ƙungiyoyi ne, Kawu. Ka sauya magana.

Kawu: Ban sauya ba. An kira sallah, zan dawo kanka.