Yaya ake binciken lafiya tare da matan Latin Amurka da suka yi ƙaura?

Ɗalibar kiwon lafiya: Assalamu alaikum. An ba mu aiki a makaranta kan binciken da ake yi tare da jama'a, musamman tsakanin matan da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga Meziko da Guwatemala da maƙwabtansu. Ina roƙon masana su bayyana mini abin da ya raba shi da binciken da aka saba, inda mai bincike yake zuwa da takardar tambayoyi, a amsa masa, ya tafi.

Malamin jami'a: Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin yana farawa tun daga wanda ya zaɓi matsalar da za a bincika, domin a wannan tsari matan suna cikin masu yanke shawara daga tsara tambayoyi har zuwa fassara sakamako, kuma wajibi ne a koma a gaya musu abin da aka gano. Tushen tunanin daga yankinsu ya fito, wato daga masana biyu, Paulo Freire na Brazil da Orlando Fals Borda na Kolombiya. Don ganin misalin wannan tsari, ki nemi labarin haɗin gwiwar da Jami'ar Michigan ta ƙulla da ƙungiyoyin unguwannin birnin Detroit a 1995.

Ungozoma: 'Yar'uwa, ƙashin bayan aikin su ne matan da ake kira promotoras, 'yan unguwa da aka horar su wayar da kan maƙwabtansu. Sankarar bakin mahaifa ta fi kama matan Latin Amurka fiye da fararen fata na Amurka, shi ya sa CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta goyi bayan shirin wayar da kai mai suna AMIGAS, wanda aka gwada a biranen El Paso da Houston da kuma kwarin Yakima. Mai wayar da kan takan zauna da mace a gidanta, ta buɗe allon hotuna, ta nuna mata zanen mahaifa da yadda ake gwajin Pap, wato gwajin gano alamun wannan sankarar da wuri, cikin Sifaniyanci, sannan ta saurari abin da ke hana ta zuwa, ko kunya ce, ko rashin mai riƙe mata yara, ko tsoron abin da za a gani.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a: Ina so ki kula da abin da wayar da kai kaɗai ba ta magancewa. Wata dokar Amurka ta 1996 ta sa yawancin baƙi masu takardun zama jiran shekara 5 kafin su cancanci Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, marasa takardu kuwa sukan guji duk fom da ke neman adireshi. Akwai kuma matan da harshensu na asali Mixtec ne na Meziko ko K'iche' na Guwatemala, waɗanda Sifaniyancin ma baƙo ne gare su. Abin da ya fi damuna shi ne a ɗora wa promotoras nauyin jawo mata, a ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali da amanarsu aka shiga gidajen.

Ɗalibar kiwon lafiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gina aikina kan AMIGAS, in ware sashe guda kan biyan promotoras da kuma masu tafinta na harsunan asali.