Cusa auduga a ƙoƙon hedifon: yana gyara sauti kuwa?

Ɗan_Koyo: Assalamu alaikum, masana. Hedifon mai rufaffen baya, ƙoƙon roba, murya na fita da amo kamar daga cikin gwangwani. Idan aka cusa auduga a bayan sifikar, zai daina? Kuma yaya yawanta?

Mai_Awon_Sauti: Wa alaikumus salam. Matsalar iri biyu ce, Malam, maganinsu kuma daban. Akwai sautin da ke dukan bangon ƙoƙo ya dawo. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, don haka ƙoƙo mai zurfin santimita 4 yakan yi amo wajen 4,300 Hz (wato karkarwa 4,300 a daƙiƙa), inda kunne ke saurin gajiya. Wannan auduga ko ƙyallen ulu na shanye shi. Akwai kuma karkarwar robar kanta. Ƙwanƙwasa ƙoƙon da farce, in ya yi ƙara mai tsawo, nauyi yake buƙata: manna siririn butil (wani danƙo mai nauyi) irin Dynamat a bangon ciki. Auduga ba ruwanta da wannan.

A yage ta sako-sako, kada a danƙara. Idan ta toshe ramukan iska na bayan sifika, fatar sifikar ba za ta motsa sosai ba, bes (sauti mai kauri) ya tsere. Fara da rabin giram a kowane ɓangare, a auna a sikeli, domin in dama ta fi hagu, murya za ta karkata gefe guda.

Oga_Gyara: Gaskiya ne. Ƙari a kai, a naɗe audugar cikin siririn yadi, kada zarenta ya shiga tsakanin kwayil (naɗaɗɗiyar wayar cikin sifika) da maganaɗisu ya riƙa kurzawa. Soso ma ba kowane ba: hura shi da baki, wanda iska ba ta ratsawa ba ya shan sauti. Kafin duk wannan a duba matashin kunne, in ya tsage ko ya lotsa, bes ta nan yake zurarewa.

Ɗan_Koyo: Na gode. To iyafis fa?

Mai_Awon_Sauti: Can babu wurin auduga, ɗan matacin bakin bututu ne ke aikin. Na kamfanin Knowles launi ke nuna ƙarfinsu: fari 680, kore 1,500, ja 2,200. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon yadda yake danne kaifin sauti. Dauɗar kunne na toshe shi har gefe ɗaya ya dusashe. A sauya sabo, kada a tsokane shi da allura, domin in ragar ta huje, kaifin zai dawo da zafinsa.