Neman shawara: gurbin digiri na uku a waje, na rasa ta inda zan ɓullo

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malami ne a wata jami'ar jiha, fannin ilimin sinadarai. Na gama digiri na biyu tun 2019, yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye mana wata takwas, ina cikin jiran layin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuma aka dakatar da tura malamai waje daga Janairun 2025. Ga iyali, 'ya'ya uku, ga Hajiyarmu ba lafiya, ni ne babba a ɗakinmu. Abokina ya ce a Holan ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne, albashi yake ɗauka shekara huɗu. Farfesoshin da na tura wa imel sun fi talatin, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ina mafita?

Dakta na Samaru: Malam, ka ɓata hanya tun daga tushe. A Holan da Suwidin gurbin aiki ne, tallata shi ake yi, kamar a shafin EURAXESS, ka cike, a yi maka intabiyu. Wa ya ce ka bi farfesa da roƙo? Kuma na rantse wasiƙa ɗaya ka tura wa dukkansu.

Abu Hanif: Ɗaya ce, amma ina canza sunan. Dakta, kwas huɗu nake koyarwa, yaushe zan karanta binciken mutum talatin?

Maman Ilham: Ka duba Saudiyya mana, jami'ar KFUPM a Zahran ko ta KAUST, suna ba da alawus. Ga Umra kusa, tarbiyyar yara ma hankalinka kwance.

Ɗan Birni: Ku dai kuna da zaɓi. Ni shekarata bakwai ina yi a gida, babi na uku ya kwana wata tara a teburin mai duba aikina. Na je gaisuwa, na je ɗaurin auren 'yarsa, har yau "zan duba".

Dakta na Samaru: Hajiya, a bar batun Umra, karatu ake magana. Malam, me ka fita da shi a digirin farko? Ka wallafa maƙala? Jarrabawar Turanci ta IELTS fa? Shekara biyu kawai take aiki. In ba ka da su, ko masu ba da tallafin karatu irin su DAAD ta Jamus ko Commonwealth da wuya su kalle ka.

Maman Ilham: Dakta, ai ba kowa ke son kai 'ya'yansa Turai ba.

Wani Bawan Allah: Ka yi a gida ka kula da mahaifiyarka. Digiri ai digiri ne.

Abu Hanif: Na gode. Amma injin da aikina ke buƙata babu shi a sashenmu, shi ya sa. Kuɗin IELTS kuma sai na ga alamar gurbi zan biya, ba zan zuba albashina a rijiya ba.

Dakta na Samaru: Har yanzu ba ka faɗi sakamakonka ba.

Abu Hanif: Zan yi maka magana ta gefe, in sha Allah.