Fina-finai kan marayun mulkin soja a Ajantina: wanne za a fara kallo?

Da muka zauna kan wannan tambaya, yawancinmu sun ce a fara da La historia oficial na 1985, wanda ya ci kyautar Oscar a 1986. Labarin wata malamar tarihi ne da ta soma zargin cewa 'yar da mijinta ya kawo mata riƙo, sato ta aka yi daga hannun uwar da sojoji suka ɓatar. Irin wannan abu ya faru da gaske. Tsakanin 1976 da 1983 an raba yara kusan 500 da iyayensu, kuma kakannin Plaza de Mayo, wato ƙungiyar kakanni mata masu neman jikokinsu da aka sace, sun gano fiye da 130, galibi ta gwajin jini.

Sai dai wasu suka ce wannan fim da idon mai riƙo yake kallo, yarinyar ba ta da murya. Shi ya sa suka dage a bi shi da Los rubios na 2003. Albertina Carri ce ta shirya shi, wadda aka sace iyayenta a 1977 tana ƙarama. Ta koma tsohuwar unguwarsu tana tambayar maƙwabta, kowa yana faɗin nasa, har launin gashin iyayen suka canza. Ni wannan ya fi ɗaga mini hankali, domin marainiya ce ke neman kamannin uwarta a bakin mutane tana rasawa.

An kuma ambaci Infancia clandestina, kan yaron da ke zuwa makaranta da sunan ƙarya. Masu raunin zuciya, aka ce, kada su haɗa ukun a rana ɗaya.