Gwajin man kare fata daga rana: me ya sa ƙwayoyin suke mutuwa tun kafin a haska su?

Ɗalibar Arkilla:
Assalamu alaikum malamai. Aikin digiri na biyu ne, ana kwatanta man kare fata daga rana kala uku, biyu masu zink oksayid, ɗaya mai abobenzon, a kan ƙwayoyin halitta da ake renawa a faranti, na fata masu suna HaCaT da na garkuwar jiki masu suna THP-1. Da zarar an dama man a ruwan reno, wato ruwan abincin da ƙwayoyin ke rayuwa a ciki, an zuba, washegari kusan duk ƙwayoyin sun mutu, har a farantin da bai ga haske ba. Ina kuskuren? Sannan tunda rana ba ta yi mana rowa a Sakkwato, ko za a iya shanya farantin a waje maimakon fitilar UV, mai ba da irin hasken rana da ido ba ya gani?

Malamin Haɗa Magunguna:
Wa alaikumus salam. Kuskuren tun daga damawar ne, malama. Man da aka gama haɗawa yana ɗauke da sinadaran da ke haɗa mai da ruwa, da na hana lalacewa, da turare. A jikin mutum busasshiyar fatar sama ce ke tare su. A faranti babu wannan katanga, sai su fasa jikin ƙwaya kamar sabulu.

Ki zaɓi ɗaya. Ko ki gwada sinadarin shi kaɗai, ki narka abobenzon a DMSO, ruwan narka sinadarai, yadda DMSO ɗin ba zai wuce kashi 0.2 cikin 100 a kan THP-1 ba. Ko kuma ki shafa man gaba ɗaya a kan fatar da aka rena a ɗakin gwaji, irin EpiDerm, miligiram 2 a kowace murabba'in santimita.

Zink oksayid kuwa nasa rikicin daban ne. Ba ya narkewa sosai, gari ne mai kwantawa, kuma yana sakin zink a ruwan reno, wanda sau da yawa shi ne mai kisan. Ki ware gurbi da zink kulorayid domin kwatance. Garin yana kuma tare hasken na'urar karanta faranti, sai MTT, gwajin rini da ke auna yawan ƙwayoyin da ke raye, ya ba ki adadin ƙarya. A wanke ƙwayoyin kafin a sa rini, a bar gurbi masu gari babu ƙwaya, a debe karatunsu.

Ɗan Runjin Sambo:
Batun shanya a rana, ki manta da shi. A watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40, ƙwayoyin kuwa 37 suka sani, ba za ki bambance kisan zafi da na haske ba. Da hunturu kuma hazo ya sauya lissafin. Ƙa'idar OECD 432, ta gwajin dafin da haske ke tayarwa, faranti biyu ce masu gurbi 96 na ƙwayoyin ɓera 3T3: awa ɗaya da sinadari, sai a ba ɗaya hasken UVA (wani nau'in UV) mai ƙarfin jul 5 a murabba'in santimita, kimanin minti 50, ɗayan yana cikin duhu. Kafin haskawa a zubar da ruwan reno a sa ruwan gishiri marar jan fenol, domin rinin kansa yana shan haske. A sa kulorfuromazin, maganin da aka san yana dafi a haske, a matsayin shaida. In shi bai nuna dafi ba, fitilar ce ko ƙwayoyin ke da matsala. PIF, wato sau nawa dafin ya ninku a haske bisa na duhu, sama da 5 akwai dafin haske, ƙasa da 2 babu.

Hajiyar Mabera:
Ƙanwata, a THP-1 ba mutuwa ake nema ba, farkawa ake nema. A gwajin h-CLAT, bayan awa 24 ana auna CD86 da CD54, alamomin farkawa a jikin ƙwayar, da na'urar fulo-saitomita. In na farko ya kai 150 ko na biyu 200 idan aka ɗauki ƙwayoyin da ba a sa wa sinadari ba a matsayin 100, alhali aƙalla rabin ƙwayoyin na raye, sinadarin yana iya tayar da borin fata. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne LPS, dafin bakteriya a ruwa ko kwalba, yana tayar da su ko babu sinadari. Kada kuma su cunkushe su wuce miliyan 1 a mililita. Inkubeta, na'urar ɗumama ƙwayoyin, a ɗora ta a kan inbata, wutar da aka ɗauke cikin dare kaɗai ta isa ta rusa aikin mako.

Kuma kada ki rubuta SPF, adadin ƙarfin kariyar man daga ƙunar rana, a sakamakonki. Shi a bayan mutane ake auna shi, aƙalla 10, masu hasken fata, domin jan da fatar ta yi ake dubawa bayan awa 16 zuwa 24.

Ɗalibar Arkilla:
Allah ya saka da alheri. In ba a samu fulo-saitomita ba fa, Hajiya?

Hajiyar Mabera:
Ki ɗebi ruwan saman ki auna IL-8, sinadarin da ƙwayoyin ke saki in sun farka, da gwajin ELISA. Sai dai ki kira shi da sunansa, kada ki ce h-CLAT kika yi, mai jarrabawa zai kama ki a nan.