Awon jinin ƙwaƙwalwar ɗana ya fito da lamba biyu, wacce zan kama?

Ummansu:
Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 6 yana da sikila. Watan jiya aka yi masa awon TCD, wanda ake shafa mai a gefen kai kusa da kunne a ɗora na'ura. Ya fito 186. Ranar jikinsa da zafi, yana ta kuka sai da na riƙe masa kai. Bayan sati uku aka sake, sai ga 158. Wallahi na kasa barci. Na'urar ce ba ta da tabbas? Ko in sayar da awakina a yi masa MRI?

Mai aikin hoto:
Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. TCD gudun jini take aunawa, santimita nawa a daƙiƙa, ba yawansa ba. Kin ga idan kika matse bakin tiyo ruwa yakan ƙara gudu? Haka jijiyar da ta tsuke take yi. Ƙasa da 170 babu damuwa, 170 zuwa 199 a sa ido, 200 zuwa sama haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya yi yawa. Zazzaɓi da ƙarancin jini suna ɗaga lambar, motsin yaro yana dagula ta, har yadda mai awon ya karkata hannunsa yana da tasiri. Ni ba na son auna yaro yana zazzaɓi. Na biyun ya fi kwanta mini.

Ɗalibin likitanci:
Umma, yawan jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwa, wajen mililita 50 ga kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa a minti ga babba, PET, wani hoto da ake ɗauka bayan an yi allurar wani sinadari, ita ce ta fi auna shi daidai. Sai dai sinadarin da ake allurarsa rabinsa yake ƙarewa cikin minti biyu, dole a haɗa shi a wurin. MRI na iya aunawa ba allura, amma idan jinin ya makara saboda tsukewar jijiya, sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Lambar 200 ɗin ta TCD ita aka yi amfani da ita a binciken STOP na Amurka kan yara masu sikila, wanda ya fito a 1998, inda ƙarin jini a kai a kai ya rage shanyewar jiki da kusan kashi 90 cikin 100. A Kano kuma an gwada maganin hydroxyurea ga irin waɗannan yara, ki tambayi likitansa a kai.

Ummansu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Awakin suna nan tukuna. Ranar Talata za mu koma, zan tafi da takardun biyu in roƙa a sa mana ranar awo na uku.